Zuwa Da Kai Ya Fi Saƙo: Amsa Ga Masu Neman Wa 'Ya'yansu Sakandare

Ga amsar da muka bayar a filinmu na amsa wasiƙu a makon jiya, mun kawo ta a rubuce saboda waɗanda cin kasuwa ko aikin gona ya hana su zama kusa da rediyo a ranar.

Wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya. Ta farko daga wani manomi ce a ƙasar Ƙaraye. Ya ce ɗansa yana aji shida na firamare, kuma makarantu biyu ne a gabansa: akwai ta gwamnati ta jeka-ka-dawo wadda yaron zai iya zuwa a kan keke, akwai kuma wata ta kuɗi ta kwana a birni wadda wani ɗan'uwansa ya yi ta yaba masa, amma shi bai taɓa ganinta ba. Ya ce idan ta birni ce sai ya sayar da ɗaya daga cikin shanun hudarsa. Ta biyu daga wata Hajiya ce mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wajen Funtuwa, wadda ke son 'yarta ta yi karatu mai zurfi amma tsoron makarantar kwana ya hana ta barci. Ta uku kuma daga wani ɗan kasuwa ce mai bin kasuwannin ƙauye, shi tambayarsa gajera ce: mutumin da bai yi boko ba, idan ya je makaranta, me zai gane, kuma ma za a bar shi ya shiga?

To, Malam, da kai zan fara. Kada ka sayar da san nan tukuna. Kai da kanka ka sani, ranar da ka saye shi sai da ka duba haƙoransa, ka sa aka zagaya da shi ka ga tafiyarsa, ka tambayi wanda ya san garken da ya fito. Ba ka yi cinikin biri a sama ba. To, yaya wurin da yaronka zai yi shekara uku ko shida, ya ci, ya sha, ya kwana, ya yi abokan da za su gyara shi ko su ɓata shi, za ka amince da shi a kan maganar bakin wani? Ɗan'uwanka ba lallai ƙarya yake yi ba, amma mai yiwuwa shi ma ƙofar makarantar kawai ya gani da fenti a jikinta. Ka ɗauki yaron ku je ku gani, dukkan makarantun biyu.

Kafin mu shiga abin da za a duba, bari in ɗan warware irin makarantun, domin mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya. Sakandare a Nijeriya kashi biyu ce, ƙaramar sakandare shekara uku, babba shekara uku. Dokar ilimin bai ɗaya ta shekarar 2004 ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ne a makarantun gwamnati. Akwai makarantun jiha, na kwana da na jeka-ka-dawo. Akwai kwalejojin haɗin kai na Gwamnatin Tarayya, irin su ta Kano da ta Daura da ta Azare, da na 'yan mata irin su ta Bakori da ta Kazaure da ta Minjibir, waɗanda ake shiga ta jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa ga 'yan aji shida. Akwai makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Jihar Kano ta buɗe a 1977, su kuwa sai yaro ya gama ƙaramar sakandare sa'an nan ya zauna jarrabawar shigarsu. Akwai na fasaha da koyon sana'a masu jarrabawar NABTEB, akwai na Arabiyya da addini masu jarrabawar NBAIS, sa'an nan ga na masu zaman kansu, waɗanda a cikinsu akwai nagari ƙwarai, akwai kuma waɗanda kanti ne kawai aka kafa wa allo.

Yanzu yaushe za a je? Kada a je lokacin hutu, domin ba abin da za a gani sai gine-gine da maigadi. Kada kuma a dogara da ranar bikin ba da kyauta ko ranar yaye ɗalibai, ranar nan an share ko'ina, an yi aron kujeru, kowa ya sa sabon kaya. A je a ranar karatu sosai, Litinin zuwa Alhamis, a isa da sassafe kafin a buga ƙararrawa. Na san zango na uku, watau daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ya faɗo daidai lokacin sharar gona da shuka da noman farko, kuma barin gona yini guda a lokacin nan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni a ganina babu lokacin da ya fi shi. Da damina ne za ka ga ajin da rufinsa ke yoyo, ka ga ko hanyar makarantar tana yankewa idan rafi ya kawo, ka ga inda ruwa ke kwanciya bayan ɗakin kwana yana tara sauro. Makarantar da ka gani da rani tana iya ruɗinka.

Ga amsarka kai kuma, Alhaji ɗan kasuwa. Za a bar ka ka shiga, matuƙar ka bi ta ƙofa. Ka yi sallama da maigadi, ka ce kana son ganin shugaban makaranta ko mataimakinsa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Saboda halin tsaro, wasu makarantun za su nemi katin shaida ko su sa maka rana, wannan ba wulaƙanci ba ne, hasali ma alama ce mai kyau. Makarantar da ka shiga har tsakiyarta babu wanda ya ce maka ina za ka, to, ka san haka kowa yake shiga. Idan kuma shugaba ya ƙi sam a zagaya da kai ba tare da wani dalili ba, ka riƙe wannan a ranka. Batun rashin boko kuwa, wallahi mafi yawan abin da za a duba ba ya bukatar karatu. Mutumin da yake iya kallon buhu ya gane an yi masa algus zai iya gane makarantar da ake aiki da wadda ake zaman banza.

Abu na farko, ka tsaya daga nesa ka lura da ƙarfe nawa malamai ke isowa. Bayan an shiga aji, ka bi ta baranda a hankali ka ƙidaya: aji nawa ne ke da malami a tsaye, aji nawa ne yara ke ta surutu su kaɗai? Wannan ƙidayar ita ce rabin binciken. Sa'an nan ka leƙa aji ɗaya ka ga yawan yaran. A tsarin ilimi na ƙasa, malami ɗaya bai kamata ya riƙe fiye da ɗalibai 40 a ajin sakandare ba. Kowa ya san a makarantun gwamnati da yawa an wuce haka nesa, kuma ba zan ce maka ka guje su saboda haka ba, domin sau da yawa babu wata. Amma akwai bambanci tsakanin aji mai cunkoso da malami yake ciki yana fama, da aji mai cunkoso da babu kowa.

Abu na biyu, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne littafin rubutun ɗalibai. Ka roƙi malami ya karɓo maka littafin lissafi da na Turanci na wani yaro ɗan aji ɗaya, kuma kai za ka nuna yaron, kada a zaɓo maka. Ka buɗe. Ko ba ka iya karanta ko harafi ba, za ka ga ko littafin ya cika ko shafi biyar ne kawai aka rubuta tun farkon zango. Za ka ga jan biro, watau alamar malami ya duba aikin ya gyara. A nan ɗanka zai yi maka amfani, shi ya karanta maka kwanan watan da ke saman shafi na ƙarshe. Idan rabon da a yi rubutu a littafin lissafi ya kai mako uku, ba sai kowa ya faɗa maka babu malamin lissafi ba.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Lokacin da nake kwalejin horon malamai, an tura ni koyarwar gwaji wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba. A jikin bangon ofis an manna jadawali mai kyau, ga kimiyyar sinadarai sau uku a mako, ga darasin gwaje-gwaje. Akwai kuma ɗaki da aka rubuta wa suna ɗakin gwaje-gwaje, kullum a kulle. Duk uban da ya zo sai a nuna masa ƙofar daga nesa. Ranar da aka buɗe ɗakin a gabana, buhunan siminti ne a ciki da karyayyun bencina. Yaran nan sun je jarrabawar ƙarshe ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Tun daga ranar nake gaya wa iyaye, kowace ƙofa aka nuna maka, ka ce a taimaka a buɗe. Idan an ce mai makulli ba ya nan, ka ce ba komai, za ka jira.

Game da malamai, ka tambayi shugaba kai tsaye: malaman lissafi nawa ne, na Turanci nawa, na kimiyya nawa, kuma nawa ne na dindindin? Masu bautar ƙasa suna taimakawa ƙwarai, amma shekara ɗaya suke yi su tafi, makarantar da ta dogara da su kaɗai tana iya wayi gari babu malamin darasi har tsawon zango. Mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan ita ce NCE, kuma akwai hukumar TRCN mai yi wa malamai rajista. A makarantar kuɗi ka ƙara da tambayar shekara nawa malaman suka yi a wurin. Inda malamai ke sauyawa kowane zango, galibi ba a biyansu ne yadda ya kamata, kuma yaranku ne ke ɗaukar asarar.

Sai maganar sakamako, nan ne ake yaudarar mutane da yawa. Ka nemi a nuna maka takardar sakamakon WAEC ko NECO ta makarantar gaba ɗaya, ta shekara biyu ko uku, ba hoton yara biyar da aka liƙa a allon talla ba. Abin tambaya shi ne, yara nawa suka zauna, nawa suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, domin da wannan ake neman yawancin kwasa-kwasan jami'a. Ka kuma tambaya ko a nan cikin makarantar ake rubuta jarrabawar, watau ko tana da lambar cibiya tata, ko kuwa kwasar yaran ake yi a kai su wani wuri. Makarantar kuɗi kuma ta nuna maka takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha. Amma ka yi hattara da wani abu. Idan aka ce maka a nan ba a faɗuwa, kowa ci yake yi, alhali ka ga littattafan yara babu komai a ciki, to, ka san ta inda cin yake zuwa. Satar amsa ce ake saye da kuɗin iyaye. Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamako ko su soke shi idan sun kama, suna kuma janye amincewa daga makaranta. Ko yaro ya tsira da takardar, JAMB na jiransa, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta. Saboda haka idan an ce akwai ɗakin kwamfuta, shi ma a buɗe, a kunna ko ɗaya ce ka gani, ka tambayi wani ɗalibi yaushe rabonsa da taɓa ta.

Hajiya, yanzu na zo kanki, kuma tsoronki ba na banza ba ne. Ba mu manta da Chibok ba a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disambar 2020 inda aka kwashe yara maza fiye da 300, da Jangebe a Fabrairun 2021 inda aka sace 'yan mata 279. A Kuriga kuma, cikin Maris 2024, da safe aka zo aka tafi da yaran makarantar jeka-ka-dawo, ke nan ba ta kwana kaɗai ke cikin haɗari ba. Babu wanda zai ba ki tabbacin da Allah kaɗai ke bayarwa, amma akwai abin da ido zai iya aunawa. Makarantar a cikin gari take ko a bakin daji? Katangar ta zagaye ta duka, ko daga gaba ne kawai, baya kuma a buɗe? Ki sa a zagaya da ke har bayan ɗakunan kwana. Masu gadi nawa ne da dare? Ina ne ofishin 'yan sanda ko sansanin soja mafi kusa? Akwai sabis na waya a wurin? Shugabar makaranta da malamai a ciki suke kwana ko a gari? Sau nawa aka rufe makarantar saboda tsaro a 'yan shekarun nan, kuma ina aka kai yaran? Ki kuma duba hanyar da za ki riƙa bi zuwa ranar ziyara, ki tambayi direbobin tasha, su suka fi kowa sanin ta.

Bayan tsaro sai ruwa. A makarantar kwana, ruwa ya fi fenti muhimmanci sau dubu. Ki je wurin famfo ko rijiyar burtsatse ki buɗe da hannunki. Idan ta lalace, ina yaran ke ɗebowa? Idan amsar ita ce suna fita waje, ki yi tunani sosai. Ki shiga banɗaki, kada ki ji kunya, ki ga ko yana da ƙofa, ko yarinya za ta iya zuwa da dare ba tare da ta ratsa duhu ba. 'Yarki tana gab da fara al'ada ko ta fara, saboda haka ki zauna da matar da ke kula da ɗakin kwanan, ki ji bakinta, ki ga ko mace ce da yarinya za ta iya gaya wa damuwarta. Ki duba ɗakin kwanan kansa: gado nawa, yara nawa, tagogi suna buɗewa, ƙofar fita nawa ce idan gobara ta tashi, kuma ana kulle su ta waje da dare? Cunkoso a ɗaki mara iska lokacin zafi shi ne abokin sanƙarau, waɗanda suka ga annobar 1996 ba sai an yi musu bayani ba. Ki tambayi ɗakin shan magani, wa ke zaune a ciki, kuma idan ciwo ya yi tsanani da tsakar dare, da wace mota ake kai yaro asibiti.

Kicin kuwa ku daidaita zuwanku da lokacin rabon abinci. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san gabza, kuma ba a mutu ba, amma a ga yawan abin da ake zuba wa yaro, a ga miyar. Wannan ya shafe ka kai ma, Malam na Ƙaraye.

Yanzu me ya sa na dage a tafi da yaron? Dalili na farko, shi zai zauna a wurin. Na biyu, yara suna gaya wa juna abin da ba za su gaya wa babba ba. Ka bar shi lokacin tara ya ɗan tsaya da 'yan aji ɗaya, in akwai ɗan garinku a ciki ya fi. A minti goma zai ji ko manyan ɗalibai suna duka, suna ƙwace abinci da sabulu, suna sa ƙanana wanki har dare, ko akwai masu shaye-shaye, ko akwai malamin da kowa ke gudu. Amma kada ka tambaye shi a gaban shugaba ko malami, ba zai ce komai ba sai "lafiya lau". Ka bari sai kun hau mota, ko kun tsaya cin abinci a hanya, ka jawo hirar a hankali. Ka lura da shi ma tun a can: ya saki jiki yana kalle-kalle, ko ya maƙale a bayanka? Hukunci dai naka ne da mahaifiyarsa, yaro ɗan shekara goma sha biyu yana iya son makaranta don filin ƙwallo kawai. Amma idan ya ce yana tsoro, ka nemi sanin tsoron mene ne kafin ka ce ragwanci ne. Na san yara da aka kai su ba shawara, zango ɗaya suka yi suka gudo, kuɗin ya tafi, karatun ma ya tsaya.

Da kun fito, kada ku wuce kai tsaye. Ka zauna wurin mai shayi ko mai kanti da ke bakin ƙofa, ka sayi wani abu, ka yi hira. Mutanen nan sun san malamin da ba ya zuwa, sun san ta inda yara ke haurawa. Ka nemi wani uba da ɗansa ke ciki, ko wani ɗan kwamitin iyaye da malamai. Idan makarantar ƙauye ce, ka gaida mai unguwa ko dagaci.

Saura kuɗi. Ka nemi a rubuta maka komai a takarda, na shekara guda cur: kuɗin makaranta na zango uku, yunifom, littattafai, kuɗin kwamitin iyaye, katifa da bokiti da gidan sauro, kayan ci da za a riƙa kai masa, kuɗin mota zuwa da dawowa, da na rajistar jarrabawa a aji uku da aji shida. Ka tambaya yaushe aka ƙara kuɗi na ƙarshe. Sa'an nan ka koma gida ka mai da jimlar zuwa buhun masara ko na dawa, ka ninka sau shida, ka auna da shekarar da damina ba ta yi kyau ba, kada ka auna da shekarar albarka. Ka tuna ana komawa makaranta a watan Satumba, kafin amfanin gona ya shigo gida sosai, watau lokacin da aljihun manomi ya fi bushewa, don haka ka tambaya ko suna karɓar biya kashi-kashi. Sa ɗaya zai biya shekara ɗaya ko biyu. Na ukun fa? Ga kuma ƙannensa suna tafe, ga gona da za ta rasa huɗa. Idan ka je ka tarar makarantar kusa da ku tana da malaman lissafi da Turanci masu zuwa aji, ni shawarata ya yi ƙaramar sakandare a nan a gabanka, ka sa masa ido, ka sama masa mai yi masa ƙarin darasi da yamma, idan ya gama aji uku ya nemi makarantar kimiyya ko ta fasaha da ƙoƙarinsa. Idan kuwa ka tarar ba a karatu a cikinta sam, sai a duba wata ta gwamnati a garin da kake da ɗan'uwa amintacce, kafin a kai ga sayar da sa.

Ranar ziyara kada ka biya ko kwabo, ko da an ce maka gurbi saura ɗaya. Ka karɓi takardun ka tafi gida ku yi shawara. Idan lokacin biya ya yi, a biya ta hanyar da makaranta ta tsara a karɓi rasit, kada a damƙa wa wani da ya ce zai nemo gurbi ta bayan fage. Kafin nan ka je wurin hedimastan firamaren yaron ka ji ranar da za a rufe rajistar jarrabawar shiga, ka tanadi takardar haihuwa da hotuna, ka kuma tabbatar sunan yaron da shekarunsa iri ɗaya ne a kowace takarda, domin gyaran suna daga baya wahala ce babba.

Wasiƙun da suka zo a kan farashin taki da maganin tsutsar masara, in Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu amsa su. Wassalam.